Idan Katangar Fata Ta Tsage: Wane Mai Ya Cancanci a Shafa?

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan kwalliya a Kasuwar Sabon Gari ta Kano da hantsi a cikin watan Disamba, sa'ad da hazo ya rufe gari, iska tana kaɗowa daga gabas tana busar da leɓe tun kafin mutum ya gama sallama, zai tarar da kantuna shaƙe da kwalabe da robobi tun daga ƙasa har rufi, kowace da hoton mace mai santsin fuska a jikinta, kowace kuma da irin alkawarin da ta ɗauka.

A bakin irin waɗannan kantuna ne za ka ga mace ta ɗan janye mayafi, ta nuna kumatun da suka yi ja suna wani ƙyalli marar daɗin gani, gefen hanci yana saɓa, ta ce, "Alhaji, don Allah duba mini, kome na shafa raɗaɗi yake yi mini, har ruwan alwala." Shi kuwa, da yake ciniki ya fito yi ba duban marasa lafiya ba, sai ya miƙa hannu can sama ya sauko da man da ya fi tsada, ya goge masa ƙura da gefen riga, ya ce, "Hajiya, wannan ɗan waje ne, mako guda kin ga aiki, har haske zai ƙara miki."

Galibi ciniki yakan faɗa, ta biya ta tafi tana murna, alhali kuwa hasken nan da aka yi mata gyara da shi ne ya fi cancanta ta ji tsoro, domin fatar da ruwa kaɗai ke sa ta raɗaɗi jinya take nema, ado sai daga baya.

Ba kuma matan birni kaɗai wannan larura ta shafa ba. Akwai almajirin da faso ya tsaga masa dunduniya har yana ɗingishi. Akwai mai wankin hula da lebura mai kwaɓa siminti, waɗanda bayan hannuwansu ya yi kaushi ya daddare. Akwai dattijon da ke kwana yana susar ƙwauri har kiran assalatu. Akwai jaririn da kumatunsa suka yi ja, yana kuka uwa ta rasa dalili. Sabubba sun bambanta, amma abin da ya lalace a jikinsu guda ne.

Abin da ya lalace

Masana ilmin jiki sun bayyana cewa fatar ɗan Adam hawa-hawa ce, kuma hawan da ke can sama, wanda hannu ke taɓawa ido ke gani, matattun ƙwayoyin halitta ne shimfiɗe a kan juna wajen sahu 15 zuwa 20, waɗanda duka kaurinsu a fuska da damtse bai kai na silin gashi guda ba, ko da yake a tafin hannu da tafin ƙafa ya ninka haka sau da yawa.

Wani likitan fata Ba'amurke, Peter Elias, na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, shi ne ya shahara da kwatanta wannan hawa da gini a farkon shekarun 1980, kwatancin kuwa ba zai yi wa wanda ya tashi a gidan ƙasa wuyar fahimta ba: ƙwayoyin nan su ne tubala, wani irin maiƙo da jiki ke ƙerawa da kansa kuma shi ne kwaɓaɓɓiyar ƙasar da ke riƙe su, take toshe duk wata kafa da ke tsakaninsu. Kimanin rabin maiƙon nan wani sinadari ne da ake kira seramaid, wajen rubu'insa kolestarol, saura kuma wasu nau'o'in kitse ne.

Hikimar Mahalicci a cikin wannan 'yar siririyar katanga ta fuska biyu ce, domin tana hana ruwan jiki ficewa, tana kuma hana ƙura da ƙwayoyin cuta da sinadarai masu zafi kutsawa ciki. To idan maiƙon ya zaizaye, sai ruwa ya riƙa fita, abin da bai kamata ya shiga ba ya riƙa shiga. Daga nan ake samun furu-furu, da ɗaurewar fuska bayan wanka, da ƙaiƙayi, da saɓa, da raɗaɗi idan an shafa man da a da ba ya yin kome. A fata mai duhu akwai ƙarin damuwa, domin duk inda ta kumbura ko aka sosa ta, takan bar baƙin tabo wanda kan yi watanni bai gushe ba, tabon nan kuwa shi ke kora mutane da yawa zuwa wurin mai sayar da man haske.

Tun a 1952 wani masani mai suna Irvin Blank, a birnin Boston na Amurka, ya yi wata jarrabawa mai sauƙi wadda har yau ake kafa hujja da ita. Ya samo busasshen kaushin tafin ƙafa, ya jiƙa wani a cikin mai, wani kuma ya bar shi ya sha ruwa. Wanda ya daɗe a cikin mai ya zauna da taurinsa da gautsinsa, wanda ya sha ruwa kuwa ya yi laushi yana lanƙwasuwa. Ya kuma nuna cewa idan ruwan da ke cikin wannan hawa ya gaza kimanin kashi 10 cikin ɗari, sai ya yi gautsi ya soma tsagewa. Fa'idar wannan ga mai neman man shafawa babba ce, a kanta kuma duk sauran maganar ta ginu: ruwa ne ke tausasa fata, aikin mai shi ne ya tsare ruwan kada ya gudu.

Masu rushe ta

Na farko a ƙasarmu shi ne hunturu, wanda ke sauka daga ƙarshen Nuwamba har wajen Maris, da iskarsa mai tasowa daga Sahara ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi. A waɗannan watanni laimar iska a Kano da Sakkwato da Damagaram takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da tsakar rana, sai iskar ta riƙa zuƙe ruwa daga duk abin da ta taɓa.

Amma zalunci ne a ɗora wa hunturu laifin duka, tun da shi yakan zo ya wuce, abin da hannuwanmu ke aikatawa kuwa na kullum ne. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami-tsami, wajen 5 a mizanin da masana ke auna tsami da kanwa da shi, a cikin wannan tsami ne kuma jiki ke iya ƙera maiƙonsa. Sabulun gama-gari kuwa yana wajen 9 zuwa 10, har da sabulun salo da ake yabo, da yake da toka ake haɗa shi. Idan aka gama irin wannan sabulu da ruwa mai tsananin zafi, da soso mai kaushi da ake dirzar jiki da shi har ya yi ja, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da wasu ke ɗigawa a bokiti ba tare da wani ciwo ba, aka kuma maimaita haka sau biyu ko uku a yini, to an wanke dauɗa, an haɗa da abin da ba dauɗa ba.

Haka nan gyaran jikin amare, da dilka da halawa da kurkum da ake murzawa kwana da kwanaki kafin biki, da wankan jego da ruwa mai tururi safe da yamma har a yi arba'in. Al'adu ne masu tushe, ba kuma nufina in yi musu kuɗin goro ba, sai dai idan aka wuce kima a cikinsu, fata ce ke ɗanɗana kuɗarta. A kan wannan kuma zamani ya ƙaro nasa: 'yan mata da samari masu ɗaukar darasi a TikTok da Instagram, suna jera wa fuska ɗaya ruwan tsami iri uku ko huɗu na sa saɓa, wasu ma su goga lemon tsami ko man goge baki a kan ƙuraje, duk da niyyar gyara.

Akwai kuma wanda aka haifa da raunin katanga, musamman a gidajen da ake gadon asma da yawan atishawa, akwai tsufa da ke rage maiƙon jiki a hankali. Waɗannan ba laifin kowa ba ne.

Musibar man bilicin

Duk abin da aka lissafa ƙarami ne idan aka gwada shi da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata a 2011 cewa kimanin kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da mayukan sauya launi. Kuma ko da yake asalin adadin daga wani bincike ne da aka yi a tsakanin 'yan kasuwar Legas, ba ƙidayar ƙasa duka ba, wanda ya halarci biki ko suna a kowane birni na Arewa ba zai yi musun cewa abin ya zama ruwan dare ba. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu ɗauke da sinadarin haidurokwinon a 2016, a farkon 2023 kuma hukumar NAFDAC ta Nijeriya, ta bakin shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana lamarin a matsayin larurar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya.

Abubuwa uku ne galibi ke cikinsu. Akwai haidurokwinon ɗin, wanda idan aka daɗe ana shafa shi yakan juye ya haifar da baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu, mai wuyar magani ƙwarai. Akwai zaiba, wadda ke ratsa fata ta taru a jiki, ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, ta kai har ga ɗan da ke ciki. Na uku, wanda ya fi shafar maganarmu, shi ne sitiroyid mai ƙarfi irin su kilobetasol, magani ne na gaske da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki don kwantar da kumburi, amma aka mai da shi man kullum. Shi ne ke hana fata ƙera maiƙonta, ya sirantar da ita har jijiyoyi su bayyana kore-kore, ya tsaga cinya da damtse da nankarwa mai faɗi, ya buɗe wa makero da ƙuraje ƙofa, idan kuma ya yawaita a jiki yakan ta da hawan jini da ciwon sukari.

Masu haɗin mai, waɗanda ke sayarwa a robobi marasa rubutu da sunan "oganik", suna da tasu hujjar. Sukan ce su ba su tilasta wa kowa ba, mata ne ke zuwa da kuɗinsu suna neman haske kafin biki, wanda duk ya ƙi yi kuwa maƙwabciyarsa za ta yi. Adalci ne a faɗa cewa a cikinsu akwai masu tsoron Allah da ba sa wuce man kaɗanya da zuma. Sai dai akwai alama guda da ba ta ƙarya: duk man da ya sauya launin mutum a cikin mako ɗaya ko biyu, to akwai magani mai ƙarfi a cikinsa, ko an faɗa ko an ɓoye, ɓoyewar kuwa algus ne wanda shari'a da doka duka suka hana. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne yadda wasu iyaye mata suka kai ga shafa wa ƙananan yara, waɗanda ba su nema ba, ba su kuma san abin da ake yi musu ba.

Babu man da zai gyara fata matuƙar ana ci gaba da shafa mata abin da ke rushe ta. Wannan shi ne sharaɗi na farko, kuma wanda mai kanti ba zai taɓa faɗa ba.

Ayyuka uku a kwalba ɗaya

Idan an kawar da mai ɓarna, sai a zo ga zaɓi. Duk yawan sunayen da ke jikin kwalabe, abin da ke cikin man kirki bai wuce jinsi uku ba. Jinsi na farko masu jawo ruwa ne su riƙe shi a cikin fata, shugabansu gilisarin, mai araha kuma tsohon mujarrabi, sai yuriya, wadda kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari nata ke tausasa busasshiyar fata, kashi 20 zuwa sama kuma ke narkar da kaushin dunduniya, ko da yake tana raɗaɗi a inda ya tsage. Jinsi na biyu masu rufewa ne, su shimfiɗu a sama su hana ruwa fita: basilin, da kakin zuma, da maiƙon ulun tumaki. Na uku masu cike kafofi ne, su shiga tsakanin ƙwayoyin da suka ɗaɗɗago su daidaita su, irin su man kaɗanya da seramaid.

A damina, lokacin da iska ke da laima, mai ruwa-ruwa marar nauyi yana iya wadatarwa. A hunturu kuwa gilisarin shi kaɗai ba ya kai ko'ina, domin ruwan da ya jawo iska za ta kwashe, sai an rufe shi da mai kauri. Shi ya sa fatar da ta lalace ƙwarai ta fi son kirim mai nauyi ko mai daskararre a kan na famfo mai tsiyaya.

A nan ya wajaba a yi wa basilin adalci, domin arharsa ta sa ana raina shi. Robert Chesebrough ne ya lura da wani maiƙo da ma'aikatan rijiyoyin man fetur na Pensilbaniya ke shafa wa ƙuna da yanka a 1859, ya tace shi, ya yi masa rajista da sunan Vaseline a farkon shekarun 1870. Tun daga lokacin kuma, duk da ɗimbin dukiyar da kamfanoni suka zuba a bincike, ba a sami abin da ya fi shi tsare ruwa ba, domin yana rage fitarsa da sama da kashi 90 cikin ɗari, kuma da wuya a sami wanda jikinsa ke ƙinsa. Illarsa biyu ce: ba ya kawo ruwa da kansa, saboda haka shafa shi a busasshiyar fata rabin aiki ne, a bazara kuma, idan aka lafta shi, yakan tsare zufa ya jawo ƙurajen zafi. Wanda ake nufi shi ne fari tas marar ƙamshi, ban da masu launi da turare da ake aunawa a kasuwa.

Man kaɗanya da 'yan uwansa

Tsofaffinmu sukan ce su man kaɗe kaɗai suka sani, da alayyadi, kuma jikinsu bai taɓa yin abin da na jikokinsu ke yi ba. Akwai gaskiya mai yawa a maganarsu. Tun a ƙarni na 14 Ibn Baɗɗuɗa, a tafiyarsa ta ƙasar Mali, ya ba da labarin man da mutanen can ke fitarwa daga ƙwallon wata itaciya, suna suya da shi, suna kunna fitila, suna shafawa, masana kuwa sun tafi a kan cewa kaɗanya yake nufi. Har yau Nijeriya tana kan gaba a duniya wajen yawan ƙwaryar kaɗanya, daga dazuzzukan Neja da Kwara da Kebbi, matan karkara ne kuma ke tsinta, su dafa, su daka, su kirɓa da hannu har mai ya taso. A Agustan 2025 gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarya waje na wani lokaci, don a riƙa sarrafa ta a gida.

Man kaɗanya na ƙwarai yana narkewa da ɗumin tafin hannu, yana da ɗan warin hayaƙi, ba shi da tsakuwa ko ɗaci a hanci. Idan ya soma warin tsami to ya lalace, kuma lalataccen mai yana ta da fata. Yana cike kafofi, yana kuma rufewa daidai gwargwado. Ga mafi yawan jikuna a hunturu, ni a ganina, shi da ɗan gilisarin a ƙarƙashinsa sun isa.

Sai dai ba kowane man tsiro ne ya dace da tsagaggiyar fata ba. Man zaitun, wanda darajarsa a wurin Musulmi ba ta bukatar bayani, an jarraba shi a Jami'ar Shefil ta Ingila, aka buga sakamakon a 2013: mutane kaɗan ne aka sa suka riƙa ɗiga shi a hannu har mako huɗu, sai aka ga ya raunana katangar ya kawo ɗan ja, alhali man 'ya'yan furen rana da aka gwada tare da shi bai yi haka ba. Sababin shi ne wani nau'in kitse da ya yi rinjaye a zaitun, mai sassauta jerin maiƙon fata. Wannan bai rage wa itaciyar albarka ba, kowane abu mai amfani yana da muhallinsa da gwargwadonsa. Abin da ake cewa shi ne a ɗaga wa jariri mai jan kumatu da mai tsagaggiyar fata ƙafa har su warke. Man kwakwa yana da kyau ga gaɓɓai, amma yakan toshe fuskar mai ƙuraje. Man gyaɗa kuwa, likitoci a Ingila sun taɓa samun alaƙa tsakanin shafa shi a fatar jariri mai kumburi da ƙin gyaɗa da jikin yaron kan yi daga baya, saboda haka barinsa ya fi.

Shin tsada hujja ce?

Masu manyan kantuna da masu tallar kaya a intanet sun dage a kan mayukan seramaid na waje, hujjarsu kuma ba ta banza ba ce, domin binciken Elias da abokan aikinsa a shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka haɗa seramaid da kolestarol da kitsen nan na uku a bisa gwargwadon da ya dace, katanga takan yi saurin komawa. Wanda ke da hali, ya kuma tabbata ba jabu aka sayar masa ba, bai yi asara ba.

Amma ga wani bincike da ya kamata talaka ya sani. A 2022 masana a Jami'ar Biristol suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da yara 550 masu ciwon busasshiyar fata mai ƙaiƙayi, inda aka raba su kashi huɗu, kowane kashi da irin mansa, daga mai ruwa-ruwa har zuwa daskararre, aka bi su wajen wata huɗu. Ba a sami wani jinsi da ya fi wani ba. Abin da suka fahimta shi ne man da ya fi shi ne wanda yaro ya yarda a shafa masa, uwa kuma ta dawwama a kai.

Dalili a fili yake idan aka dubi yawan da ake bukata. Ƙa'idar likitocin Ingila ita ce yaron da ciwon ya game jikinsa yana iya shanye giram 250 zuwa 500 a mako guda. Wadda ta sayi 'yar kwalba da kuɗin cefanen mako za ta riƙa lakatowa da ɗan yatsa tana tattali, ta kuma daina da zarar ya ƙare. Wadda ta sayi babbar robar basilin ko ƙwaryar man kaɗanya kuwa za ta shafa hannu sake, safe da dare, har hunturu ya fita.

Abin dubawa kafin a biya

A juya kwalba a dubi bayanta. Idan babu jerin abin da ke ciki, babu lambar rajistar hukuma, babu ranar lalacewa, a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Idan an yi alkawarin haske, ko goge tabo cikin kwanaki, haka nan. Mun kasance mutane masu son ƙamshi, ƙamshi kuma sunna ne, amma turaren da ake zubawa a mai yana cikin manyan abubuwan da ke ta da fata mai rauni. A sa humra a tufafi, a bar man jinya ba ƙamshi. Gajeren jeri ya fi dogo aminci, domin kowane ƙarin sinadari ƙarin abin da jiki zai iya ƙi ne.

Sabon mai kuma ba a fara shi a fuska. A shafa kaɗan a cikin lanƙwasar hannu safe da yamma na 'yan kwanaki, idan bai yi ja ko ƙaiƙayi ba sannan a faɗaɗa.

Lokaci, da mas'alar alwala

Wanka ya zama gajere, da ruwa mai ɗumi wanda bai kai zafi ba, sabulu kaɗan a hammata da matsematsi da ƙafafu, a ajiye soso har a warke. Idan an fito a dangwala tawul, kada a goge, a shafa mai cikin 'yan mintoci tun jiki na da danshi, ana bin kwanciyar gashi. Mai faso ya jiƙa ƙafa da dare, ya shafa mai kauri, ya sa safa. A riƙa ɗebo mai daga roba da cokali mai tsabta, musamman a gidan da hannuwa goma ke shiga roba guda.

Mutane da yawa suna barin shafa mai da rana don tsoron kada alwalarsu ta ɓaci, tsoron kuwa abin girmamawa ne. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa cuɗawa a cikin farillan alwala, kamar yadda kowane ɗalibin Ahalari ya sani, sun kuma sharɗanta kada a sami shamaki tsakanin ruwa da fata. Amma sun bambanta tsakanin man da ya daskare ya yi jiki har ana iya kankare shi, da wanda ya narke ya shige sai alamarsa ta rage, suka ce na biyun ba ya hana ruwa isa. Mafita mai sauƙi ita ce a shafa kaɗan bayan kowace alwala, tun gaɓɓai ba su bushe a iska ba, a bar laftawa sai bayan lisha. Mai rauni a buɗe kuwa ya tambayi malaminsa hukuncin shafa a kan ɗauri, domin shari'a ta yi masa rangwame.

Akwai gargaɗi guda da ba a cika ji ba. Hukumar kula da magunguna ta Ingila ta yi kashedi a 2018 cewa tufafi da zannuwan gado da suka sha man shafawa suka bushe suna saurin kama wuta, wanki kuma ba ya fitar da shi duka. A gidajen da ake girki da itace, ake shiga ɗaki da kaskon wuta don jin ɗumi, wannan magana ce ta rai, musamman ga tsofaffi da yara.

Inda mai ya gaza

Idan an bi wannan hanya, raɗaɗi yakan lafa cikin kwanaki, fata kuma takan ɗauki wajen mako huɗu kafin ta sabunta hawanta na sama, a jikin tsoho fiye da haka. Idan wata ya wuce ba sauƙi, ko wuri ya soma ruwa, ya yi ɓawo mai ruwan zuma, ko zazzaɓi ya shigo, to asibiti ya kamata a nufa. Makero da ƙazuwa ba sa jin man shafawa, kowanne da maganinsa. Tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi yana iya zama farkon kuturta, maganinta kuwa kyauta ne kuma tana warkewa idan an yi sammako. Mai ciwon sukari kada ya raina faso ko ya yanke kaushi da reza, ya riƙa duba ƙafarsa kullum, ya shafa mai ban da tsakanin yatsu.

Wadda ta shekara da shekaru tana shafa mai sitiroyid a duk jiki, tata jinyar ta fi tsawo, bai kuma kamata ta yanke shi rana ɗaya ba tare da likita ba, domin jikin da ya saba samunsa daga waje yakan rage ƙera nasa, yankewar gaggawa kuwa tana iya kayar da mutum. Likita ne zai rage mata shi mataki-mataki. Ya kamata a gaya mata gaskiya tun farko, cewa makonnin farko za su yi tsanani, fuska za ta yi ja ta yi zafi, launi zai dawo a rarrabe, wani wuri ma ya fi na asali duhu, kuma a daidai nan ne da yawa ke karaya su koma wurin mai haɗi, musamman idan miji ko ƙawaye sun soma tambayar abin da ya same ta. Launi yakan daidaita cikin watanni, nankarwa takan dushe amma ba ta ɓacewa duka. A tsawon wannan lokaci abin da za ta shafa shi ne mai marar ƙamshi marar alkawari, sau biyu ko uku a yini, ta kare fuskarta daga rana da laima ko man kariyar rana, ta kuma riƙa komawa wurin likita a ranakun da ya yanka mata.